Sharhi: Mai jakar magani a bakin fili, wa yake yi wa aiki?

Waɗanda ke bin ƙwallon Ingila a gidajen kallo da fadodin shayi na Maraɗi, Damagaram da Yamai ba za su rasa tuna ranar 8 ga watan Agusta na shekarar 2015 ba, ranar da Chelsea ta karɓi baƙuncin Swansea a filinta na Stamford Bridge. An riga an bai wa mai tsaron gidan Chelsea, Thibaut Courtois, jan kati, wasa yana 2 da 2, ana cikin mintunan ƙarshe, sai Eden Hazard ya faɗi ƙasa. Alƙalin wasa ya yafito masu jinya, mutum biyu suka ruga cikin fili: likitar ƙungiyar, Eva Carneiro, da abokin aikinta mai kula da gaɓoɓin ƴan wasa, Jon Fearn. Doka kuwa ta ce ɗan wasan da aka duba cikin fili sai ya fita waje kafin a sake ba shi izinin shiga, ke nan na ɗan lokaci Chelsea ta koma mutum 9. Mai horaswa José Mourinho ya hassala, ya fito gaban ƴan jarida ya ce mutanen nan biyu ba su fahimci ƙwallo ba, shi ya san gajiya ce kawai ta kama Hazard. Kafin wasa na gaba an ɗauke su daga benci. Carneiro ta bar ƙungiyar, ta kai ƙara kotun ma'aikata, kuma a watan Yunin 2016 aka sasanta, Chelsea ta ba ta haƙuri a bainar jama'a, ta amsa cewa abin da ta yi shi ne daidai da dokar wasa da kuma haƙƙin aikinta.

Mun ɗauko wannan labari ne domin tambayar da ke cikinsa ta shafe mu. Mutumin nan da ke zaune a ƙarshen benci da jakarsa, ƙungiya ce ke biyan shi, mai horaswa ne ke ba shi umarni kullum, amma jikin ɗan wasa ne aka ba shi amana. Ranar da buƙatar ƙungiya da lafiyar ɗan wasa suka raba hanya, wace zai bi? Mu a nan muna ganin amsar ɗaya ce, lafiyar ɗan wasa. Kuma in har a ƙungiya mai dukiya kamar Chelsea bin wannan amsa ya isa ya raba mutum da kujerarsa, to sai mu yi tunanin halin da takwaransa yake ciki a ƙungiyar da shugabanta shi ne mai biyan albashi daga aljihunsa, shi ne mai sayen man mota, shi ne kuma mai korar wanda ya ga dama da waya ɗaya.

Bari mu fara da sanin ko wane ne shi. A faransanci ana ce masa kinésithérapeute, mu kuma a nan Nijar muka gajarce muna cewa kine. Maƙwabtanmu na Najeriya kan ce likitan gashin ƙashi. Karatunsa shekara uku ne zuwa biyar bayan bakaloriya, gwargwadon ƙasa, inda yake koyon yadda tsoka, jijiya, ƙashi da gaɓa suke aiki, da yadda ake maido su bayan rauni. Aikin likita shi ne gane ciwo da rubuta magani ko yin tiyata, aikin kine kuwa shi ne ɗaukar mutum daga gadon jinya har ya komo fili yana gudu. Mafi yawanmu abin da muka sani game da shi bai wuce gudun nan da yake yi cikin fili da kwalbar ruwa da feshin sanyi ba, alhali wannan shi ne mafi ƙanƙantar aikinsa. A ƙungiyar ƙwararru shi ne ke riga ƴan wasa zuwa da safe, ya duba wanda ya kwana da ciwo, ya ɗaure idon sawun waɗanda suka taɓa targaɗe, ya gaya wa mai horaswa wane ne zai yi atisaye cikakke, wane ne zai yi rabi, wane ne ba zai taɓa ƙwallo ba. Sa'ad da sauran suka fita fili, shi yana ɗaki da majiyyata, ana ƙirga lanƙwasa gwiwa sau goma, sau ashirin, yau da gobe da jibi, wata da watanni. Babu ranar hutu a lokacin gasa, domin ranar da aka bai wa ƴan wasa hutu ita ce ranar da masu rauni ke zuwa wurinsa.

Kuma masu raunin ba sa yankewa. Hukumar ƙwallon Turai, UEFA, tun shekarar 2001 take bin diddigin raunukan manyan ƙungiyoyi a ƙarƙashin likitan ƙasar Suwidin Jan Ekstrand, kuma abin da binciken ya nuna shi ne ƙungiya mai ƴan wasa 25 ta sa ran samun rauni kimanin 50 a kakar wasa guda, wato biyu ga kowane mutum. Wanda ya fi yawa shi ne yagewar tsokar bayan cinya, wadda ke faruwa sa'ad da mutum ke cikin matsanancin gudu. Muguntar wannan ciwo ita ce zafinsa yana lafawa tun kafin tsokar ta gama haɗewa. Bayan kwana goma ɗan wasa yana tafiya lafiya lau, yana rantsuwa ya warke, mai horaswa yana kallonsa yana ganin lafiyayye, sai kine kaɗai ya san in aka sa shi ranar Lahadi zai iya komawa kwance na tsawon da ya ninka na farko. Hakanan jijiyar tsakiyar gwiwa, wadda in ta tsinke ake yi wa tiyata: bayan wata biyar ko shida mutum yana iya gudu, amma masana sun nuna cewa wanda ya koma gasa kafin wata tara ya fi shiga haɗarin sake tsinke ta. Duk wannan tazara da ke tsakanin "na ji sauƙi" da "na warke", a nan ne aikin kine yake, a nan ne kuma ake matsa masa.

Misalin da ya fi fito da darajar aikin a wurinmu shi ne na Gary Lewin, wanda ya yi shekara 22 yana wannan aiki a Arsenal, daga 1986 zuwa 2008. Ranar 23 ga Fabrairun 2008 a Birmingham, minti uku da soma wasa, Martin Taylor ya taka Eduardo da Silva, ƙashin ƙwabrinsa ya karye, idon sawu ya goce har ya keta fata, abin da gidajen talabijin suka ƙi maimaita hotonsa. Eduardo bai iya Ingilishi sosai ba a lokacin, sai da Gilberto Silva ya tsaya yana yi masa tafinta, Lewin kuma ya daidaita ƙafar ya tsare ta kafin a ɗauke shi. An yaba wa abin da aka yi cikin waɗannan mintuna da cewa yana cikin abin da ya ceci ƙafar. Shekara guda cur aka yi ana gyara, ya komo ranar 16 ga Fabrairun 2009, ya ci Cardiff ƙwallo biyu, kuma a wannan wasan ne tsokar cinyarsa ta kama, ya sake fita. Ko da an yi komai daidai ke nan, jikin da ya daɗe a kwance sai an bi shi a hankali. Shekara guda kafin nan, a wasan ƙarshe na kofin League Cup na 2007 a Cardiff, takalmin Abou Diaby ya sami John Terry a fuska ya suma. Lewin na Arsenal ne, Terry kyaftin ɗin Chelsea ne, amma Lewin ne ya fi kusa, shi ya fara isa ya buɗe masa hanyar numfashi, bai tsaya duba launin riga ba. (Shi dai wannan bawan Allah, a gasar kofin duniya ta 2014 ya yi tsallen murnar ƙwallon da Ingila ta rama wa Italiya, ya dira kan kwalbar ruwa, idon sawunsa ya goce, aka fitar da shi a gadon da ya saba ɗora wasu.)

Masu matsa wa kine uku ne, kuma na ukun ya fi wuyar sha'ani. Mai horaswa yana tsoron kora, shugaba yana son kofi, wannan duk an sani. Amma ɗan wasan da kansa shi ne ke zuwa a ɓoye yana roƙo: a yi mini allura in buga wannan kaɗai. Yana tsoron wani ya gaje masa wuri, yana son kuɗin firim na wasan, ko an ce masa akwai mai neman ƴan wasa daga waje da zai zo kallo. Babban likitan FIFA na lokacin, Jiri Dvorak, ya bayyana cewa a gasar kofin duniya ta 2010 kashi 39 cikin 100 na ƴan wasa suna shan maganin kashe zafi kafin kowane wasa. Zafi kuwa ƙararrawa ce da Allah Ya sa a jiki, wanda ya kashe ƙararrawa bai kashe gobarar ba. Marco van Basten, wanda ya ci kyautar Ballon d'Or sau uku, ya yi shekaru yana wasa da idon sawu mai ciwo, aka yi masa aiki sau da yawa, wasansa na ƙarshe shi ne wanda Milan ta sha kashi a hannun Marseille ta su Abedi Pele a 1993, yana ɗan shekara 28. Gabriel Batistuta na Ajantina ya faɗa da bakinsa a 2014 cewa bayan ya bar ƙwallo azabar ƙafa ta kai shi ga roƙon likita ya yanke masa ƙafafun ya huta. Waɗannan attajirai ne masu iya biyan kowane asibiti. Namu yaron da aka lalata wa gwiwa yana shekara 24, ko kabu-kabu zai yi sai ya iya taka giya.

A wannan gaɓa dole mu ambaci tramol, domin a ƙasar nan ba sai an je kantin magani da takardar likita ba, kowa ya san inda ake samun shi. Tun ranar 1 ga Janairun 2024 hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta sa shi cikin abubuwan da aka haramta lokacin gasa. Ɗan wasan da ya sha don ya danne ciwon ƙafa, ya jawo wa kansa abu uku: raunin ya ƙaru, jarabar ƙwaya ta kama shi, kuma in ƙungiyarsa ta fita gasar Afirka aka auna fitsarinsa, a dakatar da shi. Ƙwararren kine ya san wannan. Wanda aka ɗauko don kawai ɗan unguwa ne mai ƙaunar ƙungiya, wata ƙila shi ne ma zai miƙa ƙwayar da kyakkyawar niyya.

Sai raunin kai, wanda shi ne aka fi rainawa saboda ba a ganin jini. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 2014, kafaɗar Ezequiel Garay ta bugi Christoph Kramer na Jamus a kai, aka duba shi aka mayar da shi fili, ya yi kusan kwata na awa yana yawo, har ya je ya tambayi alƙalin wasa Nicola Rizzoli ko wannan ne wasan ƙarshe, kafin aka fitar da shi. Mutumin da ƙwaƙwalwarsa ta girgiza ba shi ne zai faɗi ko yana iya ci gaba ba, don abin da zai yi hukuncin da shi shi ne ya taɓu. Daga watan Yulin 2024 dokokin ƙwallo sun bai wa masu shirya gasa damar ƙara canji na musamman don irin wannan rauni, yadda mai horaswa ba zai ce an cinye masa canji ba. Muna kira ga hukumar FENIFOOT ta yi aiki da wannan dama a duk gasanninta.

To mu dawo gida. Ƙwallonmu ya nuna yana iya kai wa wani matsayi: AS FAN ta shiga zagayen rukuni na kofin Confédération a 2010, ƙungiyar jandarma ta yi hakanan a kakar 2021 zuwa 2022, Mena ta je gasar cin kofin Afirka a 2012 da 2013. Amma duk wanda ke zuwa kallon wasannin jihohi ya san abin da yake gani in ɗan wasa ya faɗi. Wani ya rugo da ledar ruwan sanyi, a kwara masa a wuya, a ja ƙafar, a murza, a ɗaga shi tsaye, ƴan kallo su yi tafi. In abin ya yi tsanani, bayan wasa a kai shi wurin maɗori. Ba mu raina maɗora ba, sana'a ce ta gado, kuma mutane da yawa sun taka ƙafarsu ta dalilinsu a inda babu asibiti. Sai dai hannun maɗori ƙashi yake lalube, jijiyar da ta tsinke a can cikin gwiwa kuwa sai hoton asibiti ke nuna ta. Har wa yau, gashi da ruwan zafi da murza mai ƙarfi da muka saba yi wa sabon targaɗe, a kwana biyu ko ukun farko ƙara zubar jini da kumburi suke yi a ciki. Abin da ake so a lokacin shi ne hutu, sanyi, ɗauri da ɗaga ƙafa sama. Abin mamaki, sunan da aka laƙaba wa sana'ar da Hausa, gashin ƙashi, shi kansa yana cikin abin da ke ruɗa mutane.

Alhali mu ne muka fi Turawa buƙatar wannan ma'aikaci. Ƴan wasanmu suna buga ƙwallo a watannin Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, wani lokaci cikin azumi. Ƙungiyar Damagaram da za ta yi wasa a Yamai sai ta yi kusan kilomita 900 cikin mota, ƙafafu a lanƙwashe, ta sauka ta shiga fili. Filayen atisaye da yawa ƙasa ce mai tauri ko yashi mai tsakuwa. A kofin duniya na 2014 an tsayar da wasan Holan da Meziko a Fortaleza don a sha ruwa, duniya ta yi ta magana. Irin wannan zafin a nan shi ne yanayinmu na kullum.

Za a ce mana babu kuɗi, kuma gaskiya ne ƙungiyoyinmu da yawa da ƙyar suke biyan albashi. Amma wani ɓangare na aikin ba ya cin ko dala. FIFA ta fitar da wani tsarin ɗumama jiki mai suna 11+ tun 2006, na minti 20 kafin atisaye, gudu ne da tsalle da tsayuwa da ƙafa ɗaya da ƙarfafa cinya, ba ya buƙatar wata na'ura. An gwada shi a kan matasan ƴan ƙwallo a Legas, sakamakon da aka buga a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin 100. Abin da yake buƙata shi ne mutum ɗaya da ya san shi, kuma mai horaswa ya yarda ya ba shi minti ashirin ɗin. Sa'annan ƙungiyar da ke ganin albashin kine ya yi mata yawa, ta lissafa abin da take biyan ɗan wasan da ya yi wata huɗu a zaune saboda raunin da ya kamata ya warke cikin mako uku.

Abin da muke nema ga FENIFOOT bai da yawa. A Turai, UEFA ba ta bai wa ƙungiya lasisin shiga gasarta sai ta nuna tana da likita da kine masu takardar shaida. A yi hakanan ga rukunin farko na gasarmu, kuma kada abin ya tsaya a takardar da ake cikewa farkon kaka: sunan mutumin ya fito a takardar wasa, kwamishinan wasa ya gan shi a benci da idonsa. Ga ƙananan rukunoni, inda wannan zai yi wuya yanzu, a tattara masu jinyar da ake da su a ba su horon agajin gaggawa. Akwai makarantar INJS a Yamai, akwai makarantun kiwon lafiya na ENSP a Yamai da Damagaram, akwai ƙungiyar Croix-Rouge da ta saba da wannan aiki. Waɗannan mutane sun yi shekaru suna hidima, galibi ba da wani albashin kirki ba, ilimi ya kamata a ƙara musu maimakon a kore su.

Sai dai ɗaukar kine kaɗai ba ya wadatarwa in maganarsa ba ta da nauyi, kuma wannan shi ne darasin Chelsea. In ya ce wane ba zai buga ba, a rubuta a littafi da kwanan wata da sa hannu, kuma maganar ta zauna. In mai horaswa ko shugaba bai gamsu ba, a kai ɗan wasan wurin wani likita, ba wurin shugaba ba. In aka kori kine saboda hukuncin da ya yanke kan lafiyar ɗan wasa, ya kasance yana da inda zai kai kuka a kwamitin likitoci na hukumar. Mu ma masu makirufo da alƙalami muna da namu rabon: mu daina kiran wanda ya buga da karaya jarumi, wanda ya zauna jinya kuma rago.

Akwai kuma ranar da aikin yake zama na rai da mutuwa. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin Legas ranar 12 ga Agustan 1989 ana wasan Najeriya da Angola. Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Lyon ranar 26 ga Yunin 2003, yana ɗan shekara 28. Dukansu zuciya ce, kuma dukansu ba su tashi ba. Fabrice Muamba na Bolton kuwa ya faɗi a filin Tottenham ranar 17 ga Maris 2012, zuciyarsa ta yi minti 78 ba ta bugawa da kanta, amma da yake an soma danna masa ƙirji nan take kuma akwai na'urar farfaɗo da zuciya a bakin fili, yana nan da ransa. Hakanan Christian Eriksen na Danmak a 2021. Kwana na Allah ne, amma sababi an umarce mu da riƙonsa, kuma likitoci sun ce kowane minti ɗaya da ya wuce ba a yi komai ba, damar tsira tana raguwa da kashi 7 zuwa 10 cikin 100. Wanda zai fara isa wurin shi ne mai jakar nan.

Na'urar da muke magana a kanta ana samun ta a kasuwar Turai daga Yuro 1000 zuwa 2000, wato kimanin jika 650 zuwa miliyan 1 da jika 300 na kuɗin sefa. Ba sai kowace ƙungiya ta sayi tata ba, tunda ƙungiyoyin Yamai filaye ɗaya suke rabawa; guda a filin Janar Seyni Kountché, guda a kowane filin jiha da ake buga gasar ƙasa. Sai dai a kula da abin da ya faru da Patrick Ekeng, ɗan Kamaru mai shekara 26 da ya rasu a Bukares ta Romaniya ranar 6 ga Mayun 2016 bayan ya faɗi a fili: binciken da aka yi wa kamfanin da ya kawo motar asibiti ya gano magungunan da wa'adinsu ya wuce da na'urorin da baturansu suka tsufa. Sabili da haka a sa a cikin dokar gasa cewa kafin a busa usur, a kunna na'urar a gaban kwamishinan wasa da kine na ƙungiyoyin biyu, a rubuta a rahoto cewa tana aiki.